Tumatir a Tsakar Gida: Noman Gajeren Irin Gado a Tukunya

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Zancenmu na yau a shirinmu na noma da lambu na tumatir ne. Manoman Kadawa da Kura da Ɗanja, masu cika manyan motoci da kwanduna a kasuwar Kwanar Gafan, yau ku ɗan yi mana haƙuri, domin maganar ta waɗanda ba su da gona ce. Ta uwargida ce mai tsakar gida taku biyar, da ɗan haya mai ɗaki da baranda, da dattijon da ya yi ritaya yana neman abin da zai motsa jiki da shi da safe, da matashin da bai mallaki ko taƙi ɗaya na fili ba. Idan rana tana shiga gidanku, kuma kuna iya samun tsohon bokiti, to ku matso kusa da rediyo. Mai biro da takarda ya ɗauko, domin akwai 'yan lambobin da za mu faɗa.

Mu fara da iri, don a nan mafi yawan masu gwadawa suke faɗuwa tun kafin su zuba ƙasa a tukunya.

Ta fuskar girma, tumatir gida biyu ne. Akwai mai yaɗo, wanda ba ya daina tsawo muddin yana raye. Yana iya wuce tsayin mutum, yana ta fitar da reshe, sai an kafa masa dogon karaga an riƙa ɗaure shi kowane mako. Irin ƙananan nan da suke fitowa da kansu a bayan gida da damina suna cikin wannan gida. Sai kuma gajere, mai tsayawa. Shi wannan idan ya kai wani tsayi, daga gwiwa zuwa ƙugu, sai kan kowane reshe ya ƙare da fure, ya daina hawa, ya mayar da ƙarfinsa kan 'ya'ya. Ya kan yi dunƙule, ya zuba 'ya'yansa kusan lokaci guda. Wannan gajeren shi ne ya dace da tukunya, domin saiwarsa da jikinsa ba su fi ƙarfin ɗan wurin da za ku ba shi ba.

Ta fuskar asali kuma, nan ma gida biyu ne. Akwai irin aure, wanda kamfanoni suke haɗa iyaye biyu su fitar da shi. Za ku ga an rubuta F1 a jikin ledarsa ko gwangwaninsa. Yana da yabanya mai kyau, manyan manoma suna cin moriyarsa, ba mu kushe shi ba. Amma yana da sharaɗi ɗaya: idan kuka cire ƙwayar ɗansa kuka shuka, jikokin ba za su yi kama da shi ba. Wani ya fito dogo, wani gajere, wani ya yi 'ya'ya ƙanana, wani ya yi ta ganye. Dole duk shekara a koma kanti. Ɗayan gidan shi ne irin da yake maimaita kansa. Abin da kuka shuka bana, shi za ku gani baɗi, shi jikokinku za su gani idan an adana. Idan irin haka ya daɗe a hannun mutane, shekara 50 ko fiye, ana miƙa shi hannu zuwa hannu, shi ake kira irin gado.

To me ya sa yake maimaita kansa? Furen tumatir yana ɗauke da namiji da mace a cikinsa, kuma a rufe suke tare. Yawanci garin furen yana zuba ne a kan macen da ke cikin wannan furen dai, ba ya jiran ƙudan zuma ya kawo na wani wuri. Shi ya sa adana irin tumatir ya fi na masara ko kabewa sauƙi nesa ba kusa ba.

Wanne za ku nema? Wanda ya fi sauƙin samu a shagunan sayar da iri na Kano da Zariya da Katsina da Maraɗi shi ne Roma, mai ɗan tsawon nan kamar ƙwai, mai kaurin tsoka da ƙarancin ruwa. Masanan ma'aikatar gona ta Amurka ne suka fitar da shi a 1955, tun daga nan yake yawo a duniya. Idan kun ga an rubuta Roma VF, waɗannan haruffa biyu suna nufin yana jure wasu cututtuka biyu na cikin ƙasa masu sa shuka ta yi yaushi ta mutu. Akwai kuma UC82B, wanda ya fito daga Jami'ar Kalifoniya, manoman rani sun san shi sarai. Bai kai Roma tsufa ba, amma gajere ne, kuma yana maimaita kansa. Wanda wurinsa ya matse ƙwarai, akwai wani ɗan ƙaramin iri mai suna Tiny Tim, da Jami'ar New Hampshire ta fitar a 1945. Tsayinsa bai cika wuce kamu ɗaya ba, 'ya'yansa ƙanana, yana rayuwa ko a ƙaramin kasko. Idan kuma a ƙauyenku akwai wani tsoho mai lambu da ya daɗe yana riƙe da gajeren irinsa, ku roƙe shi. Irin da ya saba da ƙasarku da iskarku yana da daraja ta daban.

Wata tambaya da ake yawan yi ita ce, shin ba za a iya matse tumatirin cefane kawai a shuka ba? Za a iya, kuma zai fito. Sai dai ba ku san ko ɗan irin aure ba ne. Idan babu wata hanya, ku gwada, amma ga wanda yake son tabbas, ƙaramar leda ɗaya ta iri mai suna ta ishe shi, kuma sau ɗaya zai saya idan ya bi abin da za mu faɗa a ƙarshen shiri.

(Gajeren kiɗa)

Sai maganar lokaci. Masu sauraro, tumatir ɗan sanyi ne. Asalinsa daga yankin tsaunukan yammacin Kudancin Amurka ne, mutanen Meziko suka mayar da shi amfanin gona, Turawan Sifen suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga nan ya bazu. Har gobe bai manta da asalinsa ba. Yana son rana mai haske da dare mai sanyi. Idan zafin rana ya haura digiri 32 zuwa 35, dare kuma ya ƙi yin sanyi, garin furen yana lalacewa, sai ku ga fure ya yi ruwan ɗorawa a wuya ya kaɗe, babu ɗa. Wannan shi ne dalilin da ya sa tumatir yake arha da hunturu, sannan ya yi tsada daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina. Da damina kuma laima da cututtukan ganye suke hana shi sakat.

Saboda haka a ƙasar Hausa, a yi reno daga tsakiyar Satumba zuwa Nuwamba, a yi dashe bayan mako 3 zuwa 4, domin fure ya faɗo a cikin sanyin Disamba da Janairu. Wanda ya bari sai Fabrairu, furensa zai haɗu da zafin Maris da Afrilu, wahalarsa ta tashi a banza. Da sanyin safiya ake kama fara.

Yadda ake reno ba wuya. Ku sami tsohon baho ko kwano mai faɗi, ku huda ƙasansa, ku zuba ƙasa mai laushi da aka tankaɗe aka gauraya da ruɓaɓɓen taki. Ku ja layi da yatsa, zurfin bai wuce rabin gaɓar yatsa ba, wato kamar santimita 1. Ku jera ƙwayoyin da ɗan tazara, ku rufe da ƙasa sama-sama, ku yayyafa ruwa da hannu a hankali don kada ya tone su. Ku lulluɓe da busasshiyar ciyawa. Cikin kwana 5 zuwa 10 za ku ga sun ɓullo. Ranar da kuka ga kan farko, ku ɗauke ciyawar, ku kai bahon inda zai sami hasken safiya. Idan aka bar su a inuwa sai su yi tsawo, sirara, marasa ƙwari, iska kaɗan ta kwantar da su. Idan sun yi ganye na gaskiya 4 zuwa 5, kara ya yi kauri, sun isa dashe.

Yanzu tukunya. A nan ina roƙonku kada ku yi rowa. Gwangwanin madara ko ƙaramar roba ba za su riƙe Roma ba. Ku nemi abin da zai ci lita 20: bokitin fenti da aka wanke tas, ko jarkar man gyaɗa da aka yanke kanta, ko buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa, ko tsohuwar randa da ta tsage ta daina riƙe ruwa. Kowace tukunya shuka ɗaya tak. Na sake faɗa, shuka ɗaya. Idan kuka cusa uku don ganin wuri ya rage, za su yi ta kokawar abinci, ukun su tashi ba su kai ɗaya ba. Ku guji duk mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin feshi ko baƙin mai, komai wankin da aka yi masa.

Ku ɗora ƙusa a wuta, ku huda ƙasan bokitin wuri 6 zuwa 8. Saiwar tumatir tana numfashi, idan ruwa ya kwanta mata kwana biyu sai ta ruɓe. Ku ɗora tukunyar a kan bulo biyu ko duwatsu, ruwa ya sami hanyar fita, zafin siminti kuma kada ya dafa saiwar. Baƙar roba tana jan zafi ƙwarai, don haka ku naɗe ta da tsohon buhu ko ku shafa mata farar ƙasa. Tukunyar yumɓu ta fi sanyi, sai dai tana saurin bushewa, mai ita ya san zai ƙara yawan ban ruwa.

Ƙasar da za a zuba ita ce duk duniyar wannan shuka, ba ta da inda za ta miƙa saiwa ta nemo wani abu. Ga awon: kwano 2 na ƙasar gona mai kyau, kwano 1 na ruɓaɓɓen taki, kwano 1 na buntun shinkafa wanda ya kwana biyu ko aka ɗan babbaka. In babu buntu, yashi mai tsakuwa-tsakuwa ya wadatar. Ku ƙara tafin hannu ɗaya na tokar itace a kowane bokiti, ku cuɗa sosai. Takin kuwa, na shanu ne ko na awaki ko kashin kaji, sai wanda ya ruɓe ya yi baƙi, ya daina wari, yana marmashewa a hannu. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa cikin kwanaki kaɗan. Kada a ɗebo ƙasa daga inda aka noma tumatir ko attaruhu ko gauta ko kuɓewa a kwanan baya, domin a nan ake samun wata tsutsa da ido ba ya gani, mai shiga saiwa ta sa ta yi ƙulli-ƙulli, shuka ta tsumbure. Zallar laka ma ba ta yi, idan ta bushe a bokiti takan daskare.

Wurin ajiyewa, a zaɓi inda rana take kai awa 6 zuwa 8. Ku tsaya yini ɗaya ku lura da gidanku: ina rana take faɗowa da hantsi, ina inuwar katanga take kaiwa da azahar. Ranar safe ta fi ta yamma. Wannan ma wata fa'idar tukunya ce, idan wurin bai yi ba sai a ɗauke ta a sauya mata.

Dashe da la'asar sakaliya ake yi, rana ta yi sanyi. Ku jiƙa bahon reno tukuna, ku ɗago kowane tsiro da cokali tare da ƙasar jikinsa. Ku tsinke ganye biyu na can ƙasa, ku binne karan da zurfi har kusa da ganyen da suka rage. Idan kun duba karan tumatir da kyau za ku ga ɗan gashi-gashi da ƙananan ƙuraje a jikinsa. Duk inda ƙasa mai laima ta rufe karan, sababbin saiwoyi suke fitowa, shukar ta ƙara kafuwa. Ku danna ƙasar a hankali, ku ba shi ruwa ya ƙoshi, ku kare shi daga ranar tsaka na kwana biyu ko uku. A ranar ce kuma za ku kafa sanda mai tsayin mita 1 a gefe, domin idan aka bari sai ya girma, sandar za ta tsinka saiwa. Gajere ne, amma nauyin 'ya'ya da iskar hunturu suna iya kayar da shi. Ku ɗaure da tsumman atamfa, sako-sako, yadda yatsa zai shiga.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan noman gajeren tumatir irin gado a cikin tukunya. Mun yi maganar iri, da lokaci, da tukunya, da ƙasa. Yanzu mun zo kan abin da ya fi kashe tumatirin gida, wato ban ruwa.

Shukar gona tana da faɗin ƙasa da za ta sha daga gare ta. Ta tukunya kuwa kamar jariri take, abin da aka ba ta shi ne nata, kuma tana so a kan lokaci. Ka'idar ita ce daidaito. Kowace safiya ku cusa yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. Idan kun ji bushewa, ku zuba ruwa a gindi a hankali har sai ya fara ɗigowa ta ƙasan bokiti. Idan da laima, ku bari sai yamma ku sake dubawa. Da iskar hunturu mai busar da komai, babbar shuka mai 'ya'ya tana iya neman ruwa safe da yamma. A gindi ake zubawa, kada a watsa a ganye, domin jiƙaƙƙen ganye shi ne ƙofar cuta. Ku shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a saman ƙasar don ta riƙe laima. Ruwan da aka wanke shinkafa ko kayan miya da shi yana da kyau. Ruwan wanki mai omo ko ruwan gishiri kuwa, a kai shi kwata.

Ga abin da yake faruwa idan aka yi sakaci. An bar tukunya ta bushe kwana biyu, ganye ya langaɓe, sai a zo a kwarara mata ruwa don a rama. Bayan mako ɗaya sai ku ga gindin ɗan tumatirin, wajen da fure ya faɗi, ya yi wani baƙin tabo, ya lotsa, ya bushe kamar fata. Da yawa sukan ɗauka cuta ce su ruga sayen magani. Alhali sinadarin kalsiyam ne bai isa ga ɗan ba, kuma ruwa ne yake ɗaukarsa daga saiwa ya kai shi. Ruwa ya yanke, kalsiyam ya yanke. Maganinsa ku tsinke waɗanda suka ɓaci, ku daidaita ban ruwa, na baya za su fito lafiya. Haka nan tsagewar tumatir idan ya kusa nuna, yawanci daga ƙishi ne da aka biyo shi da ambaliya.

Abinci kuma, tunda kullum ruwa yana wanke ƙasar tukunya, sai an riƙa ƙarawa. Mako 2 bayan dashe, ku sa cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na takin kamfa, wato NPK 15-15-15, a zagaye bakin bokiti nesa da kara, ku rufe da ƙasa ku ba da ruwa. Ku maimaita duk bayan mako 2 zuwa 3. Wanda ba ya son takin zamani, ya riƙa barbaɗa tafi ɗaya na ruɓaɓɓen taki a sama. Ku yi hattara da yuriya. Tana sa ganye ya yi kore shar, shuka ta yi kyan gani, amma fure ya yi ƙaranci.

Wani kuskure kuma da ya kamata a sani: masu noman dogon tumatir suna tsinke 'yan rassan da suke fitowa a hammatar ganye. Gajere ba a yi masa haka. Kowane reshe nasa da fure yake ƙarewa, don haka duk reshen da kuka cire, 'ya'ya kuka zubar. Abin da za ku cire kawai shi ne ganyen ƙasa da ya taɓa ƙasa ko ya yi rawaya. Idan fure ya buɗe, da hantsi ku ɗan girgiza sandar sau biyu ko uku. A tsakar gida mai katanga iska ba ta cika kaɗawa ba, wannan girgizar ita take zubo garin furen inda ake bukata.

Sai maƙiya. Na farko shi ne tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon. Daga Kudancin Amurka ta fito, ta shiga Sifen a 2006, ta tsallako Afirka, a 2016 ta yi wa gonakin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa ɓarnar da har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Uwarta wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka, mai yawo da dare, kuma guda ɗaya tana iya yin ƙwai fiye da 200. Tsutsar tana shiga tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa tana ci. Idan kuka ɗaga ganyen a rana za ku ga wani farin fili kamar leda, da ɗan baƙin kashinta a ciki, wani lokaci har ita kanta. Mai kadada goma ba zai iya duba kowane ganye ba, amma mai tukunya shida zai iya. Kullum da safe, wajen ban ruwa, ku juya ganye ku duba. Wanda kuka ga alama, ku tsinke ku jefa a murhu.

Na biyu farin ƙuda, ƙanana ƙwarai, suna maƙalewa a bayan ganye, idan an taɓa shuka su tashi. Su ne suke yaɗa cutar da take sa sabon ganye ya nannaɗe, ya ƙanƙance, ya yi rawaya a gefe, shuka ta daina girma. Wannan cuta ba ta da magani. Shukar da ta kamu a tuge ta, a ceci sauran. Don rigakafi, ku daka busassun 'ya'yan darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko bedi, kamar tafi biyu, ku jiƙa a lita 1 na ruwa ya kwana, ku tace da tsumma, ku fesa da yamma sama da ƙasan ganye, sau ɗaya a mako. Ina kuma jan kunne da babbar murya: kada a fesa fiya-fiya ko maganin sauro a kan abin da za a ci. Tukwanen nan a tsakar gida suke, inda yara suke wasa. Idan abin ya fi ƙarfinku, ku nemi malamin gona na yankinku ya gani da idonsa.

Na uku kuwa 'yan gida ne: akuya, da kaji, da ƙadangare. Akuya minti ɗaya ya ishe ta ta gama da aikin wata biyu. A kewaye tukwanen da tsohon gidan sauro ko ragar waya. Ƙadangare da tsuntsu ja suke bi, saboda haka da zarar tumatir ya fara sauya launi, ku tsinke shi ku ajiye a inuwa cikin ɗaki, zai ƙarasa nuna da kansa.

Daga dashe zuwa tsinkar farko, Roma yana ɗaukar kamar kwana 75. Shuka ɗaya da ta sami kulawa takan ba da abin da ya kai kilo 1 zuwa 2. Ba zan ce muku tukunya shida za su raba ku da kasuwa ba. Amma za su ba ku makonni na miya da ɗanyen tumatir wanda kun san abin da aka zuba masa. Tunda gajere yana zuba 'ya'yansa cikin mako 3 zuwa 4 ya gama, dabarar ita ce a rarraba shuka: tukunya uku yanzu, uku bayan mako 3. Idan ya yi yawa a lokaci guda, Roma yana yin kauɗa mai kyau saboda kaurin tsokarsa. A yanka, a shanya a kan faranti ko tabarma mai tsabta a sama da ƙasa, a rufe da raga.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu ga alkawarin da na yi muku, yadda za ku cire iri.

Tun shukokin suna tsaye, ku zaɓi wadda ta fi lafiya, ta fi yawan 'ya'ya, ba ta nuna alamar cuta ba. Shukar ake dubawa gaba ɗayanta, kada ƙaton ɗa guda a jikin shuka mai ciwo ya ruɗe ku. Ku ɗaura mata ƙyalle don kowa a gidan ya san wannan ta iri ce. Ku bar 'ya'ya 3 ko 4 su nuna sosai a jikinta, su yi ja wur har su fara laushi. Ku raba kowanne biyu, ku matse ƙwayoyin da ruwansu a cikin kofi. Za ku ga kowace ƙwaya tana cikin wani yauƙi. Wannan yauƙin yana hana ta tsira, shi ya sa ba ta tsirowa a cikin tumatirin. Ku rufe kofin da tsumma, ku ajiye a inuwa kwana 2 zuwa 3, kuna motsawa sau ɗaya a rana. Zai yi tsami, ya yi ɗan wari, wata farar fata ta taso a sama. Haka ake so. Kada ya wuce kwana 3, don kada su fara tsira a ciki. Sai ku cika kofin da ruwa ku motsa. Ƙwayoyi masu kyau za su nutse, marasa kyau da dusar su taso. Ku tsiyaye na saman, ku maimaita har ruwan ya yi garau. Ku baza su a kan faranti, a inuwa mai iska, kamar mako 1, kuna warwatsa su da yatsa don kada su manne. Idan sun bushe ƙayau, ku ƙunshe a takarda, ku rubuta sunan iri da wata da shekara, ku sa a kwalba mai murfi, ku ajiye a wuri mai sanyi da duhu, nesa da murhu. Irin da aka adana haka yana kai shekara 4 da ransa. Kafin shuka ta gaba, ku naɗe ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma na mako 1. Idan 7 ko 8 sun tsira, irinku lafiya lau.

Tumatir 3 ko 4 za su ba ku ƙwayoyin da suka fi ƙarfin tsakar gidanku. Ragowar ku ƙulla wa maƙwabciya, ku aika wa 'yar uwa, ku ba makarantar unguwa yara su koya. Iri yana daɗewa ne idan yana hannu da yawa, ta yadda idan na wani ya lalace zai samu a gidan wani.

Kafin mu yi sallama, ga abubuwan riƙewa. Gajeren iri mai maimaita kansa, wanda babu F1 a jikin ledarsa. Reno daga tsakiyar Satumba zuwa Nuwamba. Tukunya mai lita 20, a huda ta, shuka ɗaya. Ƙasa 2, taki 1, buntu 1. Rana awa 6 zuwa 8. Ruwa a gindi, kullum a kan lokaci. Kada a tsinke rassa. A duba bayan ganye kowace safiya. A ƙarshe a cire iri daga shukar da ta fi kyau.

Aikin wannan mako kuwa guda uku ne: ku nemo bokiti ku huda, ku tara ruɓaɓɓen taki, ku tsaya ku ga inda rana ta fi daɗewa a gidanku. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko attaruhu da tattasai, mu ga yadda su ma za su zauna a tukunya kusa da tumatir.

Allah ya sa albarka a abin da za mu shuka, ya kare mana shi daga ƙwari da cuta, ya ba mu lafiya da zaman lafiya.  

(Kiɗan rufe shiri)